Na Je Wankan Jego, Na Sauka Gidan Bayahudiya

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Matan ajinmu na Islamiyya su tambaya, malaman da muka yi aiki tare su tambaya, har mai kawo mana nono daga ruga ta sauke ƙwarya ta ce, "Hajiya, an ce gidan Yahudu kinka kwana, da gaske na?" Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakina. Ranar nan na ji kaina ina cewa ƙanƙara ta kai mini ƙugu, alhali iyakarta idon sawu. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, tun ban mai da kaina jaruma ba.

Sunana Ramatu, 'yar Furfuri ce ni ta ƙasar Bunguɗu, aure da koyarwa suka kawo ni Gusau. Na shugabanci makarantar firamare har na yi ritaya, kuma wanda ya san hedimistires ya san cutarmu: mun saba mu yi magana a yi tsit. Autata Sadiya tana auren Nasiru, ɗan Tsafe, wanda yake karatun digiri na uku a kan noma a Budapest, babban birnin ƙasar Hungary. Da cikinta na fari ya tsufa, sai aka ce ba wanda zai yi mata wankan jego. Na ce ina raye ba za a yi haka ba.

Bayan wahalar biza, wadda ba zan ɓata muku rai da ita ba, na kama hanyar Abuja. Mun tsaya a Tsafe don in yi sallama da Inna Hajo, mahaifiyar Nasiru. 'Yan bindiga ne suka kashe mijinta, Alhaji Muhammadu, a gonarsa, ana tsakiyar girbin gero. Ta ba ni man shanu da ƙulli na kilishi, ta rako ni har bakin mota. Sai da na sa ƙafa ciki ta riƙe gefen hijabina.

"In namiji na, kin san sunan," ta ce. "Ba ni son in roƙi ɗana. Ke dai ki tuna mai."

Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama.

Daga Tsafe direba ya kashe rediyo. Kowa ya yi shiru, leɓe kawai ke motsi, ido na kan daji hagu da dama. Sai da muka hango Funtua aka fara buɗe ledojin abinci, wani ɗan kasuwa a baya ya dawo da gardamar siyasar da ya ajiye rabi.

A Istanbul muka canza jirgi. A nan na gamu da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a gindinta ina jiran ta tsaya in hau, kamar yadda kowane abin hawa mai tarbiyya yake yi. Layi ya taru a bayana. Daga ƙarshe wata yarinya da ba ta kai jikata ba ta kama gwiwar hannuna ta tura ni, na isa sama ina salati da ƙarfi.

A Budapest kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar an biya shi. Aka kai ni wani ɗaki, wata jami'ar kwastan ta sa safar hannu ta fara fito da kayana ɗaya bayan ɗaya. Da ta buɗe daddawa sai ta ja baya, abokin aikinta ya buɗe taga. Kilishin Inna Hajo da man shanunta suka tafi, wai ba a shiga da nama ko abin da ya fito daga nono. Sai aka zo kan kanwa da busasshen ganyen darbejiya. Farin dutse da ganye a leda, daga Najeriya! Na ga fuskokinsu sun canza. Turancin da na koyar shekara da shekaru ya gudu ya bar ni. Sai na koma kwatance: na turo ciki gaba, na yi nishi, na rungumi jariri, na tsoma ganye a ruwa na fyaɗa a bayana. Da na ga ba su gamsu ba, na ɗauki kanwar na lasa, fuskata ta yamutse. Jami'ar ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Sun gwada abin da za su gwada, suka mayar mini da kanwata, ganyen ma bayan doguwar shawara suka bar mini.

Gidan su Sadiya tsohon bene ne mai tsakar gida a tsakiya, ɗakuna sun kewaye ta hawa-hawa, kowane hawa da baranda. Kamar gidan haya na Sabon Gari ne aka ɗora wani kan wani, sai dai ba turmi, ba yara, ba mai gaishe ka. Ni kuwa na gaishe da kowa. Wani tsoho a hawan ƙasa da namu, Layosh, na yi masa sannu da gida da tambayar iyali, ya dube ni kamar na zo karɓar haraji, ya rufe ƙofa.

Ɗaki ɗaya da falo su Sadiya suke da shi, kuma ba zan kwana ina jin numfashin surukina ba. Sun riga sun shirya: maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai suna Ilona, tana da ɗakin da ba kowa, ta ce in zo. Ta haura tamanin, 'yar ƙarama, da sanda, da gashi fari ƙal yankakke kamar na namiji. Ta yi aikin fassara, don haka Turancinta ya fi nawa, abin da ban ji daɗinsa ba. Sadiya ce ke yi mata cefane tun da ƙafarta ta fara ciwo. Na fara kiranta Goggo Ilona, ta tambayi ma'anarsa, ta ce ya yi mata.

Washegari Nasiru ya fita da ni ganin unguwa. Muna shan kwana na hango wani ƙaton gini mai hasumiya biyu da zane irin na Larabawa.

"Alhamdu lillahi," na ce, "ashe ga masallacin Juma'a a bakin ƙofa, kuke cewa sai kun hau mota?"

Nasiru ya yi tari. "Inna, wurin ibadar Yahudawa ne. Nan unguwarsu ce tun da can."

"Yahudawa? Ba duk suna Isra'ila ba?"

Ya ce a'a, sun yi ɗaruruwan shekaru a nan, kuma har yanzu akwai su da yawa a birnin. Na lura da masu gadi a ƙofa suna laluba jakar kowa, kamar yadda ake yi mana a filin Idi. Na gyara hijabi na ce, "To, Allah ya raba mu da haɗuwa." Nasiru ya dubi takalminsa. A lokacin na ɗauka kunyar suruka ce.

Ku fahimce ni. Ban taɓa ganin Bayahude ba. A bakina kalmar zagi ce kawai: mai shago ya ƙi ragi, in ce wannan bayahude ne, ɗalibi ya yi wayo, in ce ya cika yahudanci.

Ranar Juma'a da rana ta kusa faɗuwa na fito yin alwala, sai na ga falo duhu, an ja labule. A kicin na hangi Goggo Ilona cikin ɗan ɗakin ajiyar abinci, ta kunna kyandir biyu, ta rufe idanunta da hannu. Wani daɗi ya kama ni. Ashe har a Turai ana ɗauke wuta! Na koma da sauri na ɗauko fitilar caji da na taho da ita daga Gusau, wadda Sadiya ta yi ta yi mini dariya a kanta, na dallare mata fuska da haske.

"Kada ki damu, Goggo, mu mun saba. Ga fitila."

Ta sauke hannuwanta daga idanunta ta dube ni. Sai ta miƙa sanda ta danna makunnin bango, wuta ta kawo.

"Ba a ɗauke ba," ta ce. "Asabar ce ke shigowa, ranar ibadarmu. Ni Bayahudiya ce. Nasiru bai gaya miki ba?"

Ban san yadda na isa ɗakina ba. Na murɗa mukulli, na jingina akwati a ƙofa, na karanta duk abin da na haddace. Na kira yayana Malam Sani a Bunguɗu ina raɗa. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Mi ta yi maki?"

"Ba ta yi komai ba tukuna."

"Ɗakinta ta ba ki?"

"Eh."

"To ki buɗe ƙohwa, Ramatu. Ma'abota littafi na. Ko yankansu halal na gare mu. Kar ki ba mu kunya."

Da safe na fito ina sanɗa. Ta riga ta dafa shayi. Ba ta ce komai ba game da ƙarar jan akwati, ni ma ban ce ba. Don in nuna mata ni mai ilimi ce, na zauna a teburinta na ce malamanmu sun ce abincinsu halal ne gare mu, tun da su ma ba sa cin alade. Na miƙa hannu ga wani jan nama da ta yayyanka a faranti. Ta buge mini hannu da cokali, kamar yadda na sha yi wa 'yan aji ɗaya.

"Alade ne."

"Amma kin ce ke Bayahudiya ce!"

"Ni ce. Sai dai ba irin ta littafin malaminku ba." Ta ce a birnin akwai masu baƙar hula da dogon gemu da ba sa taɓa makunnin wuta ranar Asabar, akwai masu zuwa wurin ibada sau ɗaya a shekara, akwai waɗanda ba su yarda da Allah ba sam, kuma duk Yahudawa ne. Na ce to mene ne ya haɗa su? Ta ce tun tana budurwa ake wannan gardamar, ba a gama ba. Ran Litinin ta kai ni wurin wani mahauci mai gemu da ke yanka bisa ƙa'idarsu, kuma ta ware mini tukunya da wuƙa.

Maganar Falasɗinu ba ta bar ni ba, kuma ni ba mai iya haɗiye magana ba ce. Wata rana muna feraye dankali na ce mata, "Goggo, me ya sa kuke kashe yara a Gaza?"

Ta ajiye wuƙa. Ta ce ɗanta yana zaune a Isra'ila, jikanta soja ne. 'Yarta kuma tana Jamus, tana fita zanga-zangar ƙin yaƙin. Su biyun sun daina magana, kowanne ya kira ta sai ya kai ƙarar ɗayan.

"Ni ban taɓa zama ko'ina ba sai wannan birnin," ta ce. "Amma kowa ni yake tambaya. Waɗanda suka kashe mahaifin Nasiru, wane addini suke yi?"

Na juya dankalin da ke hannuna. Daga baya na ce, "Da sallama suke shiga gari."

"To in tambaye ki me ya sa kuke kashe manoma?"

Na ce ba ɗaya ba ne, kuma har yanzu ina ganin ba ɗaya ba ne. Na gaya mata hotunan yaran nan suna hana ni cin abinci. Ta ce ita ma kashe talabijin take yi. Ba ta sauya ni ba, ban sauya ta ba. Muka gama feraye dankalin.

Ita ce ta ce in raka ta bakin kogin Danube, wanda ya raba birnin biyu. Muka hau ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, muka sauka, tana dogara sanda ina riƙe da ita. A bakin ruwan na ga takalma a jere, na maza, na mata, har da na yara, ba kowa a kusa. Bakina, wanda bai taɓa jiran hankalina ba, ya ce, "Kai, ƙasar nan akwai amana! A ƙofar masallacinmu da tuni an kwashe." Na taɓa ɗaya da ƙafa. Ƙarfe ne, an kafe shi a ƙasa.

"Ƙafar uwata ƙarama ce," in ji Goggo Ilona. "Kullum nakan duba ƙananan."

A kan wani benci ta ba ni labarin. Kakanta ya ajiye sunan gidansu na Yahudawa ya ɗauki na 'yan ƙasa, don ya nuna shi cikakken ɗan Hungary ne. Ya yi wa ƙasar yaƙi har aka ba shi lamba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ba wanda ya tambayi lambar. Aka sa su ɗinka tauraro mai ruwan ɗorawa a riga. Aka kwashi na ƙauyuka a taragon dabbobi zuwa sansanonin da Jamusawa suka gina don kashe su. Mahaifinta an tafi da shi aikin tilas, bai dawo ba. Mahaifiyarta ta kai ta wurin wata Kirista mai wanki da guga, wadda 'yarta Ilona ta rasu ba da jimawa ba. Aka ba ta sunan matacciyar da takardunta. Ita kuma uwar, 'yan bangar siyasa na ƙasar, ba baƙi ba, suka kawo ta nan tare da wasu. Aka ce su tuɓe takalmi, don takalmi yana da daraja a lokacin, sannan aka harbe su suka faɗa ruwa. Takalman ƙarfen nan don tunawa da su aka kafa su.

Ƙanwar uwarta ce ta tsira ta ɗauke ta, amma ba ta gaya mata komai ba. Duk Juma'a dai takan shiga ɗakin ajiya ta kunna kyandir a ɓoye. Goggo Ilona ta girma ba ta san ko ita wace ce ba, har ranar da ta dawo daga makaranta ta maimaita wani zagin Yahudawa da ta ji, tana dariya. Innar tata ta kwaɗa mata mari, sannan ta zauna a ƙasa tana kuka.

Na tuna yawan lokutan da kalmar ta fita daga bakina a kasuwar Gusau, na gode Allah da ba ta jin Hausa.

A hanyar dawowa wani mashayi ya tsaya a kaina cikin jirgin, yana nuna hijabina yana ihu da yarensu. Ba wanda ya ɗaga kai. Goggo Ilona ta faɗa masa wata kalma ɗaya da ta sa shi ja baya. Washegari da zan fita, na naɗe hijabin na sa a jaka, na ɗaura ɗankwali, na rufe shi da hular ulu ta Sadiya, na naɗe wuya da mayafi. Na ce wa kaina saboda sanyi ne. Goggo Ilona ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ta yi miki kyau." Ba ta ƙara ba, da ma ta ƙara.

Sadiya ta sauka lafiya, namiji. Da aka sallamo su na kama aikin da ya kawo ni. Na tafasa ruwa a duk tukwanen gida biyu, na jiƙa ganye, na shigar da ita banɗaki na fara fyaɗa mata tana ihu. Na manta banɗakinsu ba shi da rariya a ƙasa. Ba a jima ba aka buga ƙofa: Layosh ne, da laima a buɗe a kansa, ruwan darbejiya na ɗiga daga rufin ɗakinsa. Nasiru ya yi ta ba shi haƙuri. Daga ranar a cikin kwamin wanka aka ƙarasa jegon, kamar ana wanke kaya.

Ana saura kaɗan suna, Nasiru ya zo ya durƙusa ya ce yana son ya sa wa yaron Adam.

"Adam? Ina sunan mahaifinka?"

Ya ce zai riƙa kiransa Muhammadu a gida, amma a takarda Adam ya fi. Ya ce ya ga yadda ake ware fasfo a filin jirgi saboda suna, ya ga yadda mai gidan haya yake cewa an riga an kama ɗakin da zarar ya ji sunan mai nema. Yaron wataƙila a nan zai shiga makaranta. "Inna, na kasa kare mahaifina. Wannan ina son in kare shi."

Ni kuwa na hau. Na manta suruki ne. Na yi masa huɗuba a kan asali da masu jin kunyar addininsu, na kawo masa hawayen Inna Hajo. Ya sunkuyar da kai. Sadiya ce ta ɗago daga kan gado ta ce a hankali, "Inna, ina hijabinki?"

Na koma wurin Goggo Ilona a fusace, don in samu mai goya mini baya. Wa ya fi ta sanin banzar canza suna? Na ce ta zo ta gaya masa labarin kakanta.

"Zan gaya masa," ta ce. "Amma sai in haɗa da nawa. Kakana ya canza suna, bai tsira ba. Ni an canza mini, ga ni ina shan shayi da ke. Wanne kike so ya ɗauka?"

"To wanne ne daidai?"

"Ban sani ba, Ramatu. Shekara saba'in ina tunani."

Ta dai kira shi, suka daɗe a kicin, ban ji abin da suka ce ba duk da na yi ta wucewa ta ƙofar. Da ya fito ya ce mini za a rubuta duka biyu, Muhammad Adam, kuma a makaranta yaron ya amsa wanda ya ga zai iya ɗauka. Ban samu yadda na so ba, shi ma haka. Na kira Inna Hajo na gaya mata Muhammadu ne a gaba, ta yi ta kuka tana sa albarka. Adam ɗin sai da na dawo na faɗa mata.

Ranar suna da safe aka yanka rago a Bunguɗu, Malam Sani ya nuna mana ta waya. A falon Nasiru abokansa ɗalibai suka taru, da wani limami ɗan Sudan. Aka yi addu'a, aka raba dabino, aka faɗi suna a hankali kamar ana tsoron ta da maƙwabta. Shi ke nan. Na fito baranda na tsaya, raina ba daɗi. Goggo Ilona ta biyo ni ta tambayi abin da ya faru. Na ce mata a gida, in liman ya raɗa suna, akwai maroƙi da zai miƙe ya ɗaga murya ya sanar, har matan da ke cikin gida su ji su rangaɗa guɗa. Sunan da ba a shelanta ba, kamar bai kama ba ne.

"Me yake cewa?"

Na gaya mata. Ta maimaita sau biyu a hankali. Sai ta miƙa mini sandarta, ta kama ƙarfen baranda da hannu biyu, ta buɗe murya da Hausar da ba a taɓa jin irinta ba:

"Sunan yaro Muhammad Adam!"

Tsakar gidan ta amsa. Tagogi suka fara buɗewa. Ni kuma na kama hanci na rangaɗa guɗa, wadda rabona da ita tun bikin Sadiya, ta fito kamar kukan zabuwa. Ɗaliban suka fito da gudu.

Goggo Ilona tana haki tana dariya. Sai ta daina dariyar ta kama hannuna.

"Ni ma ina da suna," ta ce. "Ƙanwar uwata ta gaya mini tana gab da mutuwa. Rifka. Mahaifina Dawid. A wannan benen aka haife ni, ba a taɓa faɗinsa da ƙarfi a nan ba."

"Rifkatu 'yar Dauda," na ce. "Ai muna da shi. Na yi aiki da wata Rifkatu."

"To ki yi mini."

Na dubi tagogin nan da fuskokin da ke cikinsu. Hular ulu tana kaina. Amma in akwai abu ɗaya da shekarun taron ɗalibai na safe suka bar mini, murya ce. Na cika ƙirji.

"Sunan yarinya Rifka 'yar Dawid! Allah ya raya!"

Sadiya ce ta yi guɗar daga cikin ɗaki, tata ta fi tawa kyau.

Da yamma aka buga ƙofarmu. Layosh ne kuma. Na ce yau sai 'yan sanda. Amma faranti ne a hannunsa da ɗan kek a kai. Suka yi magana da Goggo Ilona da yarensu, daga baya ta fassara mini. Ya tambaya wace ce Rifka. Ta ce ita ce, ita Bayahudiya ce, ta gyara tsayuwa tana jiran abin da zai biyo baya. Ya ce wannan ai ya sani, tun yana yaro uwarsa ta gaya masa, kowa a benen ya sani. Sunan ne kawai ba su sani ba.

Ta zauna a kujera. Duk shekarun nan tana jan labule, tana kunna kyandir a bayan buhun dankali. Ta yi dariya har ta ƙware, na yi ta bubbuga mata baya, dariyar ta koma wani abu dabam. Layosh yana tsaye da farantinsa bai san inda zai ajiye ba.

Na zauna har aka yi arba'in. Ranar da zan taho ta rako ni bakin matakala, iyakar inda ƙafarta za ta kai. Na ce, "Sai wata rana, Goggo Rifkatu." Ta ce a shekarunta ba a yin wannan alkawarin, in dai gaishe mata da Inna Hajo, in ce mata wata tsohuwa da ba ta taɓa ganin kabarin mahaifinta ba tana yi mata ta'aziyya.

Na isar da saƙon a Tsafe, kafin in ƙarasa gida. Inna Hajo ta saurara, ta goge ido da bakin zane, ta tambaya ko matar tana da miji da 'ya'ya kusa. Na ce ita kaɗai ce. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar man shanu.

"In wani za shi, a kai mata."

Na buɗe baki in yi mata bayanin karen kwastan, sai na rufe. Na karɓa da hannu biyu.